Masallacin Juma'armu: a ƙara hasumiya ko a gyara riƙo?

Baban Sadiya (admin): Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah a dakata da turo hotunan biki da tallan taki na yau ɗin nan, akwai maganar da ta fi su. Na ji ana shirin buɗe gidauniya a ƙara wa masallacin Juma'a tsawon hasumiya a kuma sa tayil a gaba. Ban ƙi ba, amma duk wanda ya yi sallah a sahun gabas ya ga silin ya yi baƙi ya fara lotsawa, batiran sola sun mutu, famfunan alwala yawanci sun bushe, banɗaki kuwa ba a magana. Ni a ganina gini bai taɓa gagararmu ba a garin nan, riƙon abin da muka gina ne ke gagararmu. Kowa ya faɗi nasa amma ban da zagi ban da kiran suna.

Ɗan Legas: Wa alaikumus salam. Wlh Yaya ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Mu da muke ci-rani duk azumi sai an kira mu a turo na masallaci kuma muna turawa, amma ba a taɓa ce mana ga abin da aka tara ga abin da aka kashe ba, sai dai ka dawo gida da sallah ka tarar fankar da aka ce za a saya babu ita, in ka tambaya a ce ai an sayi mai da kuɗin. Toh ba mu ce ƙarya ba ne, amma a rubuta mana mana.

Jikan Ma'aji: Malam ka fito fili ka faɗi abin da kake nufi. Kowa ya san wa ke riƙe da akwatin masallaci. Tsohon nan tun kafin a haife ka yake wannan hidima, sau nawa yana sayar da akuyarsa ya cika kuɗin mai ba wanda ya sani, yau kuma daga Legas za a ce ya kawo rasit?

Ɗan Legas: Subhanallahi, ni ban ce Baba ya ci ko kwabo ba. Allah ya sani ubana ne.

Kawun Yara: Ku yaran zamani komai sai kun mai da shi ofis. Ɗakin Allah ne fa, ba kamfani ba. Iyayenmu da ƙasa da azara suka gina shi, duk bayan damina a yi gayya a yi yaɓe, mata su kawo ruwa da fura, ba sakatare ba ma'aji ba mitin, kuma bai faɗi ba.

Akawu: Kawu ranka ya daɗe, gaskiya ka faɗa, amma wancan masallacin ba shi da abin da ke cin kuɗi kullum. Ƙasa ce, kowa ya iya aikinta, a kududdufi ake ɗebo ta. Yanzu mun sa kwano da silin da wayoyi da inbata da amfilifaya da injin jawo ruwa, kowannensu yana da ranar lalacewarsa kuma gayya ba ta gyara inbata. Ga mai. Kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, kafin 2024 ta ƙare ta haura 1000 a gidajen mai da yawa, amma abin da ake jefawa a akwati ranar Juma'a bai ninka haka ba, wasu ma ragewa suka yi don su ma ta kansu suke. Shi ya sa nake ganin Baba Ma'aji mu muka zalunce shi ba shi ya zalunce mu ba, mun bar masa nauyin gari shi kaɗai babu littafi, in kuɗi ya gaza ya cika daga aljihunsa, in wani ya yi gunaguni ba shi da takardar da zai nuna ya wanke kansa. Littafin lissafi Baba zai fara ba wa kariya kafin kowa.

Malam Na'ibi: Akawu ya yi magana. In ƙara da abu ɗaya don kar a ɗauka rubuta kuɗi baƙon abu ne da boko ta kawo. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, kan rubuta bashi ta sauka, kuma sahabbai aka fara umarta da ita, waɗanda sun fi mu amana nesa ba kusa ba. Ayar ta ce rubutun shi ya fi kusa da hana ku yin shakka. In za a ce wa sahabi rubuta, ba cin fuska ba ne a ce wa ma'aji rubuta. Sannan hadisin Nana A'isha yana nan a Abu Dawuda da Tirmizi cewa Manzon Allah SAW ya yi umarni a gina masallatai a unguwanni, a tsabtace su, a sa musu ƙamshi. Umarnin gini da na tsabta tare suka zo, mu ne muka ɗauki rabi muka ajiye rabi.

Jikan Ma'aji: Allah gafarta Malam na ji. Amma a yi shi da ladabi, kar tsoho ya ji a gari cewa an kafa masa kwamitin bincike.

Baban Sadiya (admin): Ba bincike ba ne ƙanina, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mu za mu je gidansa da kanmu.

Mai Sola: Slm. Bari in yi bayanin batiran nan don na ji ana cewa wai jabu aka sayo. Ba jabu ba ne, ni na duba su. Irin masu ruwa ne, dogayen nan, kuma irinsu sai ana buɗe murfi ana duba ruwan duk bayan ɗan lokaci ana cikawa da ruwan batir na asali, ba ruwan rijiya ba, ba fiya wata ba. Da na buɗe su na tarar farantan ciki sun fito fili sun bushe, kawunan kuma duk sun yi farin gari. Na biyu, irin wannan batir ba ya son a zuƙe shi ƙarƙaf, in ana wuce rabi kullum ba ya daɗewa. Mu kuwa me muke yi? Bayan isha'i a bar fankoki suna ta juyi ba kowa a ciki, matasa su jona caja sama da goma a bayan mumbari, akwai ma wanda na kama ya kawo dutsen guga. Fankar silin ta gargajiya guda ɗaya tana jan wajen wat 70 zuwa 75, ku lissafa da yawan fankokinmu daga magariba zuwa asuba. Na uku farantan sola na kan rufi, tun da hunturu ya shiga ba wanda ya hau ya goge, ƙura ta yi musu bargo ga kashin tattabaru, ta ina rana za ta shiga. Ko batirin lithium aka sayo gobe, wanda ya fi tsada kuma ba ya buƙatar ruwa, in babu mutum ɗaya da aka ce wannan aikinka ne, haka za a kashe shi.

Auta: Mai dutsen guga dai ya ji da kansa, yana cikin guruf ɗin nan yana karantawa.

Baban Sadiya (admin): Auta na ce ban da kiran suna.

Auta: Ai ban kira ba Yaya.

Malama ta Islamiyya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tun da an buɗe magana bari mu ma mu sa baki. Ɓangaren mata duk azumi muke cika shi da tarawihi da tafsiri, amma ko kwan fitila ɗaya babu, da tocilan waya muke gane takalmanmu. Lasifikar da ke wajenmu ta daina aiki, liman ya yi ruku'u ba mu sani ba sai mun ji motsin maza. Kafet ɗin da aka cire daga sahun maza don ya tsufa shi aka shimfiɗa mana, in ka yi sujada ƙura ta shige maka hanci, tsofaffi masu asma ba sa iya zama. Babu wurin alwala namu daban, mace mai goyo sai ta koma gida. Kuma ku tambayi Baba Ma'aji nawa mata ke kawowa na adashe da na ƙuli-ƙuli duk shekara. In za a kafa kwamiti a sa mace ko da ɗaya ce wadda za ta riƙa kai rahoton ɓangarenmu, don namiji ba ya shiga can bare ya gani.

Kawun Yara: Wannan kam gaskiya ce 'yata, ban san haka abin yake ba.

Akawu: Toh ga abin da nake ba da shawara, a gyara min in na kauce. A raba aikin liman da aikin gini. Liman da na'ibi su ji da sallah da karatu da ɗaurin aure, kar a riƙa tare Malam a ƙofar masallaci ana ce masa famfo ya fashe. A ɗauki mutum ɗaya mai kula da masallaci, a yanka masa albashi duk wata ko yaya yake, a rubuta masa aikinsa a takarda: shara, wanke banɗaki, kunna injin ruwa da kashe shi, duba ruwan batir, goge faranti, kashe fanka bayan sallah, rufe ƙofa. Akwatin Juma'a ya zama da kwaɗo biyu, mukulli ɗaya wajen Baba Ma'aji ɗaya wajen sakatare, a buɗe a gaban mutum uku a ƙirga a rubuta kowa ya sa hannu, sannan a manna lissafin wata a allo a bakin ƙofa, a ɗauki hotonsa a turo nan don 'yan ci-rani. Daga duk abin da ya shigo a ware wani kaso, ko ɗaya cikin goma ne, a ajiye shi gefe ba a taɓawa sai ranar da batir ko injin ruwa ya mutu, domin mutuwarsu ba zato ba ce, sananniyar aba ce, ranar kawai ba mu sani ba.

Kawun Yara: Nan ne zan rabu da kai. Albashi a kan sharar masallaci? Aikin lada ne. Ranar da ka fara biyan mutum ɗaya, sauran duk za su naɗe hannu su ce ai akwai mai cin albashi. Kuma ladan ma gobe zai ce a biya shi.

Malam Na'ibi: Kawu tsoronka yana da tushe, kuma akwai hadisin Usman bn Abil As da aka ce masa ya riƙi ladanin da ba ya karɓar lada a kan kiran sallarsa. Malamai da yawa sun ɗauke shi a kan abin da ya fi, in an samu mai yi don Allah shi ne gaba. Amma a mazhabarmu ta Malikiyya, a Muhtasar na Halil an halatta karɓar lada a kan kiran sallah, shi kaɗai ko haɗe da limanci, abin da aka karhanta shi ne karɓa a kan limancin kaɗai. To in ladan ya halatta a ba shi, ina ga mai wanke masai da zai bar gonarsa da sana'arsa? Kuma kar mu raina aikin. Matar nan da take share masallacin Manzon Allah SAW, da ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, da ya tambaya ya ji sai ya ce a nuna masa kabarinta ya je ya yi mata sallah, yana cikin Buhari da Muslim. Mu a nan mai sharar namu ko sunansa ba ma sanyawa a addu'ar bayan huɗuba, sai wanda ya ba da buhun siminti.

Ɗan Legas: Allah ya saka Malam. Ni dai na ɗauki nauyin albashin wata uku na farko in an yarda, amma sai in ta asusun banki na masallaci zan tura, ba asusun wani ba.

Akawu: Asusun banki da sunan masallaci yana son rajista. Ana yi a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, za a nemi sunayen amintattu da kundin tsarin mulki na ƙungiya da buga sanarwa a jarida, akwai ɗan kashe kuɗi da jira. Kafin nan za a iya buɗe asusun haɗin gwiwa wanda kuɗi ba ya fita sai mutum biyu sun sa hannu. Abin da na fi gudu shi ne kuɗin masallaci a asusun mutum ɗaya, ba don zai ci ba, rai fa ba a hannunmu yake ba, in ya faɗi ya mutu magada su ce na ubansu ne kuma ba ka da hujja. Haka ma filin. Wa ya taɓa ganin takardar filin masallacin nan?

Jikan Ma'aji: Baba ya ce kyauta aka bayar da baki a gaban dagacin wancan lokacin, shaidun duk sun rasu sai mutum ɗaya.

Akawu: Toh kun gani. Tun wannan ɗayan yana raye a je a rubuta, dagaci ya sa hannu, hakimi ya buga hatimi, a kafa duwatsun iyaka. Fili yana tsada yanzu ko a ƙauye, jikoki ba su san alkawarin kakanni ba.

Birkila: Ni magini ne ba na iya dogon rubutu. Yoyon kusurwar gabas ba kwano ne kawai ba. Indararon ya toshe da ganyen darbejiya, ruwa yana komawa ya bi bango ya sauka gindin gini, kuma ruwan alwala ma nan yake taruwa don ba a yi masa hanya ba. Na ƙwanƙwasa katakon rufi na ji gara ta shiga biyu daga ciki. Akwai tsaga daga saman taga zuwa ƙasa, na shafa mata siminti siriri na sa alama, in ta sake buɗewa to ginin motsi yake. Ku tuna masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina tun wajen 1830 da wani abu, wani sashe ya rufta kan mutane ana sallar la'asar a watan Agustan 2023 aka rasa rayuka, kuma an ce an ga tsaga kafin ranar. Namu bai kai shi komai ba, amma ruwa bai san babba da ƙarami ba. Mu nan ƙasar Ringim mun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa gine-gine. Kar a ɗora hasumiya mai nauyi a kan gindin da ke shan ruwa.

Mai Sola: Birkila ka ce ba ka iya dogon rubutu.

Birkila: Ɗana ne ke buga min.

Baban Sadiya (admin): Tun da an taɓo lafiyar masallata, ƙofofi ma abin dubawa ne. Biyu daga cikin huɗu kullum a garƙame suke an jibge tabarmi da makara a bayansu, ragowar kuma ciki suke buɗewa. Bayan abin da ya faru a ƙaramar hukumar Gezawa a watan Mayun 2024, da aka cinna wa masallaci wuta ana sallar asuba mutane suna ciki, bai kamata a ce jarkar fetur tana kwana cikin masallaci kusa da kafet ba. A gina wa janareta ɗan ɗaki a waje, a juya ƙofofi su riƙa buɗewa waje, a ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe gobara.

Malama ta Islamiyya: Sokawe ɗin banɗakin ma ya yi kusa da rijiyar burtsatse, ma'aikatan lafiya cewa suke a bar tazarar kamar mita 30, namu ban ga ya kai rabi ba, kuma ruwan nan yaran islamiyya ke sha.

Kawun Yara: Duk na ji. Amma ku faɗa min da me za a riƙa biya bayan wata ukun Ɗan Legas sun ƙare? Akwatin Juma'a da rani ba ya tara komai, mutane ba kuɗi a hannu sai kaka.

Malam Na'ibi: Kawu ka kawo mu inda maganar take. Amsar ita ce wakafi, kuma ba sabon abu ba ne. Sayyidina Umar ya samu gona a Haibara, Manzon Allah SAW ya ce masa ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, ba a sayarwa ba a kyautarwa ba a gado. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Mu duk mai kuɗin da ya tashi alheri sabon masallaci yake ginawa, shi ya sa a layi ɗaya za ka ga masallatai uku kowanne sahu ɗaya bai cika ba kuma kowanne na yoyo. Da wani zai ba da gona ɗaya, matasa su noma riɗi ko zoɓo da gayya a kai kasuwar Maigatari ko Gujungu, ko a gina shaguna biyu jikin katanga ta bakin titi a ba da haya, da albashin mai kula da ruwan batir sun fita ba tare da an miƙa wa ɗan siyasa hannu ba. Ga gayyar da kake so Kawu, ta koma gona.

Kawun Yara: Hmm. Wannan ta shige ni. Da kaka kuma kowane magidanci ya ba da dami ɗaya na gero, a ajiye a sayar lokacin da ya yi daraja, da haka aka riƙa yi wa liman a da. Amma sadaka ce fa, kar a haɗa da zakka.

Malam Na'ibi: Ƙwarai, zakka tana da masu ita guda takwas a Tauba aya ta 60, mafi yawan malamai ba su sa ginin masallaci a ciki ba.

Ɗan Legas: Shaguna sun fi gona a ganina, gona in ruwa ya yi gardama shi ke nan, kuma wa zai tsaya a kan matasan? Yau a fito mutum talatin, ranar maimai a ga biyar.

Auta: A sa wurin cajin waya na kuɗi a shagon, masu jonawa a bayan mumbari su zo su biya.

Mai Sola: Wannan ba wasa ba ne Auta, zai yi, amma da nasa farantin da batirinsa daban. Da ruwa ma, 'yan garuwa za su iya ɗiba da rana lokacin da tanki ke ambaliya su ba da wani abu.

Malama ta Islamiyya: A'a ban da ruwa dan Allah. Wanda ya haƙa rijiyar sadaka ya yi wa mahaifiyarsa, matan unguwa da ita suka dogara.

Malam Na'ibi: Malama ta fi mu gaskiya, sharaɗin mai wakafi ake bi. Sai an tambaye shi.

Jikan Ma'aji: Na karanta wa Baba duk abin da aka rubuta. Ya ce shi ya gaji dama, idonsa ma ba ya gani sosai, a kawo littafin a kawo yaron da zai riƙa rubutawa. Amma ya ce mukulli ɗaya zai ci gaba da zama a hannunsa, kuma akwai bashin mai na wajen mai shago da ba wanda ya sani sai shi, a fara da wannan.

Ɗan Legas: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, a ce ya yafe min in maganata ta yi zafi. Nawa ne bashin?

Jikan Ma'aji: Ya ce ba zai faɗa a waya ba, sai an zauna.

Baban Sadiya (admin): Toh ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar gidan dagaci. Akawu ka zo da littafi da samfurin takardar aikin mai kula, Birkila da Mai Sola ku rubuto abin da ya fi gaggawa da kuɗinsa kowanne daban, Malama ki turo wadda za ta wakilce ku ko ki ba da a rubuce. Maganar hasumiya a jingine ta sai an ga abin da tsagar nan za ta yi. Masu gidauniyar ba sa cikin guruf ɗin nan, wa zai je ya same su?

Kawun Yara: Ni zan je, sa'o'ina ne, daga bakina za su fi ji. Amma ku sani har yanzu ban yarda da bankin nan ba, kuɗin da sai an hau mota an je Ringim kafin a sayi kwan fitila.

Akawu: Za a bar ɗan na hannu wajen Baba na ƙananan abubuwa Kawu, ana kashewa ana rubutawa, in ya ƙare a ciro wani ta wajen mai POS.

Kawun Yara: Shi kuma mai POS ɗin ya cire nasa. A kawo maganar gaban dagaci dai.